Darasi na 14: Doguwar Naƙuda da Yoyon Fitsari

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya bayyana sababin yoyon fitsari, ya san hanyoyin da likitoci suka bi har suka iya gano doguwar naƙuda tun ba ta yi ɓarna ba, ya fahimci abin da ake nufi da bincike a ilmin likitanci, ya kuma san abin da ya hau kansa idan naƙuda ta kama wata mace a gidansu.

Gabatarwa

Daga cikin lalurorin da ke samun mata ta dalilin haihuwa, da wuya a sami wadda ta kai yoyon fitsari ƙuntata wa mai ita, domin kuwa macen da ta gamu da shi, bayan azabar kwana biyu ko uku tana durƙushe, da baƙin cikin rasa ɗan da ta yi wata tara tana jira, sai ta wayi gari fitsari yana zuba mata dare da rana ba da ikonta ba, zanenta ba ya bushewa, zarni ya hana ta shiga taron suna ko na biki, tana ta waswasi game da tsarkinta a kowace salla, har a wasu gidajen miji ya sallame ta, a ware mata ɗaki da kwano. Jama'a da yawa sun daɗe suna jingina wannan lalura ga iska, ko sammu, ko wani laifi da matar ta aikata, alhali kuwa rauni ne a jiki wanda sababinsa sananne ne, rigakafinsa sananne ne, kuma ana ɗinke shi ya warke. Wannan sani bai zo wa likitoci cikin dare ɗaya ba. An tara shi ne a hankali cikin ƙarnoni, ta hanyar lura da ƙidaya da jarrabawa, kuma wani muhimmin sashe nasa a ƙasar Hausa aka gano shi, a Zariya da Katsina da Kano.

Yadda raunin yake aukuwa

Jaririn da zai fito duniya dole ne kansa ya ratsa ta tsakanin ƙasusuwan ƙugun uwarsa, kuma a wannan mashiga mafitsara tana ta gaba, hanjin da ke kaiwa dubura yana ta baya. Idan kan ya fi mashigar girma, ko jaririn ya kwanta a gicciye, ko ya gabato da goshi ko kafaɗa, sai ya cije, mahaifa kuwa ba ta fasa matso shi ba, har naman da ke tsakanin kan jariri da ƙashin uwa ya matse sa'o'i masu yawa, jini ya daina isa gare shi, kamar dai yatsan da aka ɗaure tamau da zare aka bar shi har ya yi baƙi. Galibi jaririn yakan rasu a ciki, kansa ya yi laushi, sa'an nan ya fito. Bayan 'yan kwanaki naman da ya mutu sai ya ruɓe ya zube, ya bar huda tsakanin mafitsara da farji, fitsari ya riƙa bi ta nan. Idan kuwa hudar ta ɓulla ta baya, bayan gida ne zai riƙa zuba, wata ma takan haɗa duka biyun. Sau da yawa jijiyar ƙafa takan taɓu a wannan matsi, shi ya sa za ka ga wasu masu lalurar suna jan ƙafa.

Yarinyar da ta yi ciki tun ƙugunta bai gama buɗewa ba, da wadda yunwa da cututtukan ƙuruciya suka tsumbure ta, su suka fi kusa da wannan hatsari. Amma kada a ɗauka babbar mace ta tsira, domin wadda ta haifi biyar lafiya a ɗakinta tana iya gamuwa da na shida mai girman kai ko mai mugun kwanciya.

Abin da magabata suka gani

Lalurar tsohuwa ce ƙwarai. A shekarar 1935 wani malamin ilmin gaɓoɓin jiki a Alƙahira, mai suna Derry, ya bayyana cewa ya sami babbar huda a mafitsarar busasshiyar gawar Henhenit, ɗaya daga matan fadar wani Fir'auna, wadda ta rayu wajen shekara 2050 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kuma ga ƙugunta matsattse ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambata a littafinsa Alƙanun cewa wahalar naƙuda tana yaga mafitsara, sai dai ya ƙidaya wannan rauni cikin abin da ba shi da magani. Kafinsa kuma Abul Ƙasim Azzahrawi na Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe maƙalar ƙarshe ta littafinsa Attasrif ga ilmin fiɗa, ya zana surorin kayan aiki kusan 200, ya kuma rubuta wa ungozomomi bayanin abin da za su yi idan haihuwa ta yi gardama. Ashe ke nan malaman Musulunci na farko sun ɗauki wannan fanni a matsayin ilmi mai daraja, ba su ga aibu ga mai hankali ya tsaya ya yi nazarinsa ba.

Ɗinkin farko da darasin amana

An yi ta gwada ɗinke hudar a Turai da Amurka, wani lokaci a dace, galibi ɗinkin ya warware, har zuwa zamanin wani likita mai suna James Marion Sims a garin Montgomery na jihar Alabama. Daga 1845 zuwa 1849 ya yi ta gwaji a jikin wasu bayi mata baƙar fata masu wannan lalura, waɗanda tarihi ya riƙe sunan uku daga cikinsu, Anarcha da Betsey da Lucy. Ya ƙera ƙarfen buɗa farji domin a ga hudar sosai, ya gano irin kwanciyar da ta fi dacewa da aikin, ya sa bututun da ke zuƙe fitsari don kada ya jiƙa ɗinkin, daga ƙarshe ya yi amfani da siririyar wayar azurfa maimakon zaren siliki da ke jawo ruɓa, sai ɗinkin ya kama. Ya wallafa hanyarsa a 1852, likitocin duniya suka ɗauka.

Amma wajibi ne a faɗi yadda aka sami wannan fa'ida. Anarcha ita kaɗai an yi mata aiki wajen sau 30, ba tare da maganin gusar da zafi ba, kuma baiwa a wancan zamani ba ta da ikon cewa ta ƙi. Saboda haka ne aka cire gunkin Sims daga wani babban lambu a birnin New York a 2018. Irin wannan tarihi, da wasu da suka fi shi muni, su suka sa likitoci suka kafa ƙa'idojin bincike, waɗanda mafi shahara daga cikinsu ita ce Sanarwar Helsinki ta 1964, cewa ba a sa mutum cikin gwaji sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya yarda da kansa, yana kuma da ikon janyewa duk lokacin da ya so ba tare da an hana shi magani ba. Wannan haƙƙi ne na kowace mace da ta shiga asibiti, mai ilmi da wadda ba ta yi karatu ba, kuma ɗalibi ya kiyaye shi.

Fiɗa: hanyar da ke kuɓutar da uwa da ɗa

Ɗinki gyaran ɓarna ne bayan ta auku. Abin da ke hana ta aukuwa tun farko shi ne a ciro jariri ta ciki idan hanya ta ƙi, wato abin da mata ke cewa an yi wa wance aiki. A da, kusan duk macen da aka tsaga cikinta takan mutu, ko ta zubar jini ko ta ruɓar ciki, sai da abubuwa da dama suka haɗu kafin aikin ya zama abin dogaro. A 1846 aka fara nuna amfanin maganin sa barci a ɗakin tiyata a birnin Boston. A 1867 Joseph Lister ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a rauni da kayan aiki. A 1882 Max Sänger na Jamus ya tabbatar da cewa lalle ne a ɗinke mahaifar kanta da kyau, domin kafin nan da yawa sukan bar ta a tsage suna zaton za ta haɗe da kanta. A 1926 kuma Munro Kerr na Glasgow ya yaɗa tsaga mahaifa a gicciye ta ƙasanta, inda jini bai cika zuba ba kuma tabon ya fi ƙwari a ciki na gaba. Da aka gano rukunan jini a 1901 aka sami hanyar ƙarin jini, daga baya kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka zo, sai aikin da a da ake yi wa kallon hukuncin kisa ya zama abin da ake yi kullum a asibitin gunduma. Abin lura ne kuma cewa a 1879 wani Bature mai suna Robert Felkin ya shaida da idonsa masu maganin gargajiya a ƙasar Uganda sun yi wa wata mace wannan aiki, ita da jaririnta suka rayu.

Gano matsala tun da sauran lokaci

Fiɗa ba ta da amfani sai an san wadda take bukatarta, an kuma sani da wuri. A nan ne binciken gano cuta ya shigo. A 1954 Emanuel Friedman, wani likita a New York, ya zauna yana auna buɗewar bakin mahaifar mata masu naƙuda sa'a bayan sa'a, yana zana abin da ya samu a takarda, har ya fito da surar yadda naƙuda take tafiya, daga rufe har bakin ya kai santimita 10, wanda shi ne cikar buɗewa. A 1972 wasu likitoci biyu, Philpott da Castle, waɗanda ke aiki a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, inda likitoci suka yi ƙaranci kuma ungozomomi ne ke karɓar haihuwa a ƙananan asibitoci, suka mai da wannan ilmi takarda guda mai layi biyu: layin faɗakarwa, wanda idan naƙuda ta ƙetare shi ungozoma za ta fara shirin tura matar babban asibiti, da layin ɗaukar mataki, sa'a 4 bayan na farkon, wanda idan an kai shi ba sauran jira. A kan takardar ake rubuta bugun zuciyar jariri, da saukowar kansa, da ƙarfin naƙuda, da awon jinin uwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta wadatu da cewa dabarar tana da kyau a hankalce ba, sai da ta jarraba ta a kan mata 35,484 a asibitocin Indonesiya da Malesiya da Tailan, aka wallafa sakamakon a 1994, inda aka ga naƙudar da ke wuce sa'a 18 ta ragu daga kashi 6.4 cikin ɗari zuwa kashi 3.4. Daga baya wani bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Uganda ya nuna cewa mata da yawa masu lafiya naƙudarsu ba ta saurin da tsohuwar takardar ta ƙayyade, amma suna haihuwa lami lafiya, saboda haka a 2020 Hukumar ta fito da sabuwar takarda da ta gyara ma'aunin. Wannan ita ce ɗabi'ar ilmi na gaskiya, idan hujja ta bayyana sai ya koma gare ta.

Hoton ciki kuwa, wanda mata ke kira sikanin, asalinsa daga Glasgow ne, inda Farfesa Ian Donald ya ga na'urar da ake gano ɓoyayyiyar tsaga a jikin ƙarfe da ita ta hanyar aika sauti da sauraron dawowarsa, ya yi tunanin gwada ta a jikin mutum, shi da wani injiniya mai suna Tom Brown da wani likita John MacVicar, suka wallafa abin da suka samu a 1958. Da wannan na'ura ake sanin watannin ciki, da kwanciyar jariri, da ko tagwaye ne, da ko mabiyiya ta tare hanya, tun naƙuda ba ta zo ba.

Abin da aka gano a Zariya

Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a asibitin, ɗaya bayan ɗaya, ba su tsallake ko guda ba, har suka tara 22,774, aka wallafa a 1985. Ƙidayar ta nuna cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai da abu ya ɓaci aka ɗauko su, mutuwarsu ta ninka ta masu zuwa awo ninkin ba ninki, kuma hatsarin ya fi tsanani ga 'yan mata masu shekara 15 zuwa ƙasa da kuma matan da suka yi haihuwa da yawa. Suka kuma gano wani abu mai ban sha'awa, cewa ƙananan 'yan mata masu cikin fari da aka ba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini sun ci gaba da tsawo a lokacin da suke da cikin, waɗanda suka ƙara tsawon kuwa ba su cika bukatar fiɗa ba kamar sauran. Harrison ya kammala da cewa ilmin 'ya'ya mata shi ne tushen gyara, ya kuma shafe rayuwarsa yana nanata haka.

A asibitin dai, wani likita mai suna Tahzib ya yi nazarin mata 1,443 masu yoyon fitsari, ya wallafa a 1983, ya ga fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, wajen kashi 13 kuwa yankan gishiri ne, wato tsagar da wanzami ko tsohuwa ke yi da aska a gaban mace da nufin buɗa hanya ko maganin wata lalura. Askar ba ta isa ƙashin da ya tare jariri ba, mafitsara da mafitar fitsari take samu. Duk wanda ya san wannan, haramun ne a gare shi ya bari a yi wa 'yarsa ko matarsa, domin cutarwa ce tsantsa.

Gyara a zamaninmu

A 1959 wasu likitoci biyu, mata da miji, Catherine da Reginald Hamlin, suka isa Adis Ababa ta ƙasar Habasha, suka tarar da mata masu wannan lalura da ba su taɓa ganin irinta a ƙasashensu ba, sai suka koma ga tsofaffin rubuce-rubuce suka koya wa kansu aikin, har suka buɗe asibiti na musamman dominsa a 1974. Daga cikin waɗanda suka warkar akwai Mamitu Gashe, 'yar ƙauye wadda ta zo musu a 1962 ba ta san karatu ba, ta zauna tana taimako a ɗakin tiyata har ta ƙware a ɗinkin, ta zama tana koya wa likitoci.

A ƙasarmu kuwa, Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina a 1983, ya ga yawan masu yoyon fitsari, ya duƙufa a kan aikinsu a can da kuma Asibitin Murtala Muhammad na Kano, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci da malaman jinya masu yawa, yana rubuta bayanin kowace mara lafiya. Ƙa'idar da aka gada a lokacin ita ce a bar mace wata uku tana zubar fitsari kafin a taɓa ta, wai sai raunin ya huce. Shi kuwa sai ya jarraba sa mata robar fitsari nan take, da shan ruwa mai yawa, da ɗinki da wuri da zarar bakin hudar ya tsabtata. A 2004 ya wallafa sakamakon mata 1,716 da aka bi da su ta wannan hanya: 265 daga cikinsu robar kaɗai ta ishe su, hudar ta haɗe ba tare da wuƙa ba, kuma a jimlace fiye da kashi 95 cikin ɗari hudarsu ta rufe tun a yunƙurin farko. Fa'idar wannan ga kowane gida ita ce, macen da ta fara yoyo bayan haihuwa a kai ta asibiti cikin kwanakin nan, kada a tsaya sai an gama wankan jego.

Idan ta isa, likita zai duba ta, ya zuba ruwa mai shuɗin launi a mafitsararta ta cikin roba, ya ga inda launin zai ɓullo, da haka zai san wurin hudar da girmanta. Yawanci allurar baya ake yi mata, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma ta gaba ake yin aikin ba tare da tsaga ciki ba. A da, bayan ɗinki akan bar robar kwana 14, har aka tambaya ko kwana 7 zai wadatar. Don a amsa, sai aka ɗauki mata 524 masu huda mara sarƙaƙiya a ƙasashen Afirka 8, ciki har da Nijeriya da Nijar, bayan sun yarda, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a domin kada son ran likita ya shiga zaɓin, aka cire wa kashi ɗaya robar a kwana 7, ɗaya kashin a kwana 14, sa'an nan aka gwama. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna ba wani bambancin a zo a gani wajen warwarewar ɗinki, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10 a 2018. Gado ɗaya ke nan zai ɗauki mata da yawa fiye da da. Wannan hanya ta raba marasa lafiya da ƙuri'a a gwama ita ce mafi ƙarfin hujja a binciken likitanci.

Yanzu Babbar Ruga cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya, akwai irinta a Ningi da Abakaliki, akwai kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012. Sai dai ba kowace huda ce take ɗinkuwa ba, wata kuma takan rufe amma mace ta ci gaba da ɗigar fitsari saboda mafitarsa ta lalace. Haka nan likitoci sun lura cewa ana ƙara samun hudar da ke aukuwa a wurin fiɗa idan wanda bai ƙware ba ya yi ta, abin da ke wajabta wa hukuma ta tsananta horarwa da sa ido. Wadda aka yi wa gyara kuma za ta ƙaurace wa shimfiɗar miji watannin da likita ya ƙayyade, duk cikin da ta samu nan gaba a asibiti za ta haife shi, galibi ta hanyar aiki.

Jinkiri uku

A 1994 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Columbia, Thaddeus da Maine, suka taƙaita abin da ke halaka mata masu naƙuda cikin jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa saboda nisa ko rashin mota ko lalacewar hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na uku yana wuyan hukuma da ma'aikata, na biyu na hukuma ne da jama'ar gari, na farko kuwa a cikin gidajenmu yake. Mai cikin fari takan ɓoye naƙuda saboda kunya. Tsofaffi sukan ce a ƙara haƙuri. Maigida ya yi tafiya ba wanda zai ba da izini. Wani kuma yana ganin abin kunya ne a ce matarsa ta kasa haihuwa da kanta. Kiyaye rai yana daga manyan manufofin shari'a, neman magani kuma ba ya kore tawakkali, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da halatta wa likita ganin abin da larura ta sa a gani. Ita ma mai yoyon, hukuncinta hukuncin mai salisul bauli ne, wanda malamai suka sauƙaƙa masa sha'anin alwala, saboda haka kada wani ya hana ta salla ko ya ƙyamace ta.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda doguwar naƙuda take huda mafitsara.
2. Waɗanne mata ne suka fi kusa da wannan hatsari, kuma me ya sa babbar mace ma ba ta tsira ba?
3. Wane haƙƙi mara lafiya yake da shi idan ana so a sa shi cikin bincike?
4. Mene ne amfanin layin faɗakarwa da layin ɗaukar mataki?
5. Kawo abu biyu da aka gano a binciken Zariya.
6. Don me ake raba marasa lafiya da ƙuri'a idan za a gwama hanyoyi biyu na magani?
7. A cikin jinkiri uku, wanne ya fi yawa a garinku, kuma me za a yi a kansa?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya binciko asibiti mafi kusa da garinsu da ake yin fiɗa da ƙarin jini dare da rana, ya san nisansa da kuɗin motarsa, ya sami lambar direba biyu da za su amsa kira cikin dare, ya kawo wa aji a darasi na gaba. Magidanci kuma ya bar izini a gidansa tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa da matarsa, cewa ko yana nan ko ba ya nan a kai mai ciki awo, a kuma kai ta asibiti idan naƙuda ta tashi. Idan kuwa a gida ta kama ta, kada a yarda ta wuce sa'a 12, wato daga asuba zuwa magariba ko daga magariba zuwa asuba, ba a ɗauke ta ba. In an ga jini, ko jijjiga, ko hannu ko cibiya ta riga fitowa, to ko minti ɗaya kada a jira. Wanda kuma ya san wata mai yoyon fitsari da ke ɓoye a ɗaki, ko shekara nawa ta yi da shi, ya gaya mata da danginta cewa ana gyarawa, ya taimaka a kai ta.